Fashin Baƙi: Ina Fim Ɗin Tinker Tailor Soldier Spy Ya Rabu da Littafinsa?

Idan aka ɗauki littafi aka mayar da shi fim, dole ne fim ɗin ya bi littafin sau da ƙafa, in kuma bai bi ba ya ci amana ke nan? Gardamar tsohuwa ce, kuma da wuya a yi ta a kan littattafan leƙen asiri ba a ambaci Tinker Tailor Soldier Spy ba, wanda John le Carré ya wallafa a 1974, aka yi fim ɗinsa a 2011. Waɗanda suka kalli fim ɗin ba tare da sun karanta littafin ba sukan ce sun tashi ba su gane komai ba: dattawa ne sanye da kwat, suna busa sigari, suna hararar juna, babu tseren mota, babu dambe. Waɗanda suka karanta kuwa sukan ce an yi wa littafin gunduwa-gunduwa. Maganar ta sake ɗumi tun 2024, lokacin da ɗan marubucin, Nick Harkaway, ya fitar da sabon littafi ya dawo da jarumin mahaifinsa, George Smiley, sabbin masu karatu suka koma neman na da.

A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Ƙashin bayan labarin yana nan a fim ɗin kusan daram: maci amanar shi ne dai, tarkon da aka kama shi da shi ma shi ne. Abin da ya canja shi ne abin da labarin yake makoki a kai. Wanda bai karanta ba kuma bai kalla ba ya sani cewa zan fasa ƙwai, domin ba a iya wannan bayani ba tare da an faɗi sunan ɓarawon ba.

Gobarar da ta haifi labarin

Sunan marubucin na yanka David Cornwell. An haife shi a 1931, ya rasu a Disambar 2020. Ya yi aiki a hukumar tsaron cikin gida ta Birtaniya, MI5, sannan ya koma ta waje, MI6, aka tura shi Bonn da Hamburg a Jamus ta Yamma da rigar jami'in diflomasiyya. Ya ajiye aiki a 1964.

Shekara guda kafin nan, a Janairun 1963, wani tsohon babban jami'in MI6 mai suna Kim Philby ya ɓace daga Bairut, ya ɓulla a Mosko. Tun 1934 yake yi wa Tarayyar Sobiyet aiki. Abin takaicin, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu shi aka ɗora a kan sashen da ke farautar 'yan leƙen asirin Sobiyet, daga 1949 zuwa 1951 kuma shi ne wakilin hukumar a Washinton, yana zama da manyan CIA. (Mahaifinsa, St John Philby, shi ne Baturen nan da ya musulunta ya zama Abdullah, mai ba Sarki Abdul'aziz na Saudiyya shawara.) An yi zargin Kim Philby tun 1951 da abokan karatunsa na Cambridge, Guy Burgess da Donald Maclean, suka tsere, amma a 1955 ministan harkokin waje Harold Macmillan ya wanke shi a gaban majalisa. Abokan aikinsa sun kasa yarda cewa ɗan gidan mutunci, wanda suka yi makaranta ɗaya, suke zama kulob ɗaya, zai sayar da su. Le Carré ya sha faɗa cewa ya yi imani sunansa na cikin waɗanda Philby ya miƙa wa Rasha, kuma da aka yi masa tayin ganawa da shi a Mosko a 1987, ƙi ya yi.

Wannan kasa yarda ita ce zuciyar littafin. A riƙe ta, za mu dawo kanta.

Yadda makircin yake

Da farko a bambance iri uku. Akwai jami'in da ke tsallakewa ya koma ɓangaren abokan gaba a fili. Akwai wanda ake saya da kuɗi ko a ritsa shi da wani abin kunya bayan ya riga ya kama aiki. Sai na uku, wanda labarin nan ke kansa: wanda aka ɗauka tun yana ɗalibi, ba shi da komai a hannu, aka bar shi ya shiga aiki, ya yi ta hawa har ya kai inda ake yanke shawara. Shi ne dasasshe. Da ɗan gari akan ci gari.

A labarin, hukumar leƙen asirin ana kiranta Circus, shugabanta kuma ba a san shi da wani suna ba sai Control. Ya tsufa, ba shi da lafiya, amma ya shinshino cewa cikin manyansa biyar akwai na Karla, ƙwararren jami'in Mosko. Ya laƙaba musu sunaye daga wata waƙar ƙirga ta yaran Ingila, wadda daga cikinta sunan littafin ya fito: Percy Alleline shi ne Mai Liƙin Kwano, Bill Haydon Tela, Roy Bland Soja, Toby Esterhase Matalauci, Smiley kansa Mabaraci. Ya aika Jim Prideaux a asirce ya gana da wani janar da aka ce zai faɗi sunan. Ashe tarko ne. Aka harbe Prideaux, aka kori Control, ya mutu ba da daɗewa ba, aka sallami Smiley tare da shi. Waɗancan huɗun suka gaji gidan. Daga baya aka dawo da Smiley a asirce ya nemo dasasshen.

Abin da ke rikita masu kallo shi ne shirin da ake kira Witchcraft, wato maita. Alleline da mutanensa suna alfahari da wata majiya a Mosko da ke turo musu bayanai masu tsada ta hannun Polyakov, jami'in ofishin jakadancin Sobiyet a Landan. To amma da wace hujja Polyakov zai riƙa ganawa da 'yan Circus ba tare da nasa sun zarge shi ba? Sai aka shirya cewa zai gaya wa Mosko yana da ɗan rahoto a cikin Circus, a riƙa ba shi tsakin kaji yana kai musu a matsayin shaida. Haka uku daga cikin huɗun suka ɗauka ake yi. Gaskiyar ita ce a juye abin yake: tsakin shi ne abin da Mosko ke turowa, an ɗan yayyafa masa na gaske don ya yi armashi, zinariyar kuma ita Haydon ke miƙa wa Polyakov a gidan da gwamnatin Birtaniya ke biyan hayarsa. Burin ƙarshe Amurka ce: idan ta ga Landan na da irin wannan majiya za ta buɗe mata taskarta, duk abin da ya shigo kuma ya zarce Mosko. Duk wanda ya zo da labarin cewa akwai dasasshe, sai a ce masa ai mun sani, mu muka ƙirƙire shi.

Littafin ya ɗauki babi bayan babi yana warware wannan ƙulli, Smiley na zaune a ɗakin wani ƙaramin otal yana bin fayil da daddare, yana gwada ranar da rahoto ya iso da ranar da Polyakov ya yi tafiya. Fim ɗin ya dunƙule shi cikin 'yan jimloli. Wanda ya duba wayarsa a daidai wurin ya yi asara.

Ga kuma tsarin zubi. Littafin ya fara da Prideaux a raye, ya isa wata makarantar kwana da ƙaramar tirela cikin ruwan sama, bayansa a karkace, wani yaro mai suna Bill Roach na leƙensa ta taga. Ba a yi nisa ba wani jami'in Circus mai suna Ricki Tarr ya zauna a gidan Oliver Lacon, jami'in gwamnati mai sa ido kan hukumar, ya zayyana duk abin da ya ji. Mai karatu ya san abin da ake nema tun da wuri. Fim ɗin ya fara da harbin, ya bar mai kallo yana zaton Prideaux ya mutu, ya kuma ɓoye labarin Tarr sai da tafiya ta yi nisa. Rabin kukan "ban gane ba" daga nan ya samo asali.

Garuruwan da aka sauya

A littafin, an harbi Prideaux a baya cikin wani daji kusa da Brno a Cekoslobakiya, ƙasar da tankokin Sobiyet suka murƙushe a Agustan 1968. A fim an kai abin Budapest, babban birnin Hangari, a wani wurin shan gahawa a cikin rumfar kasuwa mai rufi. Dalilin na aljihu ne: Hangari na mayar wa masu shirya fim kashi 20 cikin 100 na abin da suka kashe a ƙasar. An samu fage mai tsinka zuciya, ma'aikacin da ya kawo gahawa gumi na ɗiga daga goshinsa a kan tebur, ga wata mata da harsashi ya samu jaririnta na kan nono. An kuma rasa wani abu. A littafin Prideaux ya san ƙasar Cek kamar tafin hannunsa, shi ya kafa gungun masu kawo masa rahoto a can, bayan an kama shi kuma aka bi su aka tattara. Nauyin waɗannan rayuka na cikin abin da ya ɗauka ya dawo da shi gida, fim ɗin kuwa ya taɓa batun ne a gurguje.

Haɗuwar Tarr da Irina, jami'ar Sobiyet da ta fara tona zancen dasasshen, a Hong Kong ta faru a littafin. Shirin talabijin na BBC na 1979 ya kai ta Lisbon, fim ɗin 2011 ya kai ta Istanbul. Wannan sauyi ya faɗa daidai kan tarihi. A 1945 wani jami'in Sobiyet a Istanbul, Konstantin Volkov, ya nemi mafaka wurin Birtaniya, ya ce zai faɗi sunayen 'yan rahoton Mosko, har da wani da ke shugabantar wani sashe na farautar 'yan leƙen asiri a Landan. Takardar ta sauka a teburin Philby. Ya sanar da Mosko, ya yi ta jan ƙafa, kafin ya isa Istanbul an riga an yi awon gaba da Volkov. Irina ta littafin haka ta ƙare: Tarr ya aika saƙo Landan, aka yi ta ja masa rai, daga baya ya ji an ɗora wata mata a gadon marasa lafiya, fuska a naɗe da bandeji, an sa ta a jirgin sama. Littafin bai nuna mutuwarta a idon mai karatu ba. Fim ɗin ya sa an shigo da ita ɗakin da ake azabtar da Prideaux, aka harbe ta a gabansa. Wannan ƙa'ida ce da ta ratsa aikin gaba ɗaya: abin da littafin ya bari a matsayin ji-ta-ji-ta, fim ɗin ya kawo shi gaban ido da jininsa.

Mutanen da aka sake wa kama

Smiley na takarda gajere ne, mai ƙiba, kayansa masu tsada amma ba sa yi masa kyau, yana goge tabarau da bakin lakatayensa. Gary Oldman siriri ne, kuma ya fi sanyin jini da kaifi. A littafin, Esterhase ya sare ne a wani ɗaki, Smiley na zayyana masa makircin dalla-dalla cikin ladabi har ya gane an yi amfani da shi. A fim, filin jirgi aka kai shi, jirgi na sauka a bayansu, ana nuna masa za a iya mayar da shi inda ya fito, yana kuka yana roƙo. Smiley na farko da hujja ya karya mutum, na biyu da tsoro.

Peter Guillam, na hannun daman Smiley, a littafin mai bin mata ne, yana fama da zargin wata budurwarsa ɗalibar kiɗa. A fim yana zaune da wani namiji a matsayin masoyinsa, da Smiley ya gargaɗe shi cewa za a sa masa ido, sai ya koma gida ya sallame shi, ya zauna yana kuka. Masu fim sun yi haka ne don su nuna cikin minti guda abin da aikin ke ci a jikin mai yinsa, kuma ya dace da zamanin, domin sai a 1991 gwamnatin Birtaniya ta ɗage haramcin ɗaukar irin waɗannan mutane a ayyukan sirri. Amma an yar da wani abu mafi amfani ga labarin. Guillam na littafi Haydon ne gwarzonsa, shi yake kwaikwayo, kuma yana da mutanensa da aka kashe a Maroko ba tare da ya san wanda ya sayar da su ba. Daren da aka kama Haydon, Guillam ya shaƙe shi da hannu biyu. Wannan fushi babu shi a fim.

An kuma haɗe mutum biyu. Sam Collins shi ne jami'in da ke bakin aiki daren da aka harbi Prideaux, Jerry Westerby kuwa ɗan jarida ne da ya ji daga bakin wani matashin soja a mashaya cewa sojojin Rasha sun isa dajin tun kafin Prideaux ya zo. Fim ɗin ya ɗauki aikin Collins ya ba Westerby, ya zubar da labarin mashayar. Irin wannan haɗi ba laifi ba ne, minti 127 ba za su ɗauki kowa ba.

Inda fim ɗin ya yi abin a yaba

Matsalar da ta fuskanci darakta Tomas Alfredson, ɗan ƙasar Suwidin, da marubutan fim ɗin, Bridget O'Connor da Peter Straughan, ita ce yawancin littafin a cikin kan Smiley yake faruwa: tuno baya, karatun takarda, sauraron tsofaffin ma'aikata. Kyamara ba ta ɗaukar tunani. Sai suka nemi abin da ido zai gani ya wadatar.

Dubi wurin ƙudan zuma. Suna cikin mota su uku, ƙudan zuma ya shigo yana shawagi. Sauran na kai masa duka suna kaucewa. Smiley bai motsa ba, ya bi shi da ido, da ya matso kusa da shi sai ya ɗan sauke gilashi, ƙudan ya fice. Babu wannan a littafin, amma duk wanda ya gani ya san irin mutumin da yake kallo, ya kuma san yadda zai kama ɓarawonsa. Haka tabarau: bayan an sallame shi ya je ya yanki sabo mai kauri, saboda haka duk inda ka gan shi da tsohon, labarin ya koma baya ne. Fim ɗin bai faɗa maka ba, ya bar ka ka lura.

Walimar Kirsimeti ta ofis ma ƙirƙirar fim ce, ana komawa kanta sau da yawa. Ma'aikata sun bugu, wani ya shigo da kayan Baba Kirsimeti da fuskar Lenin, aka miƙe ana rera taken Sobiyet ana dariya, le Carré da kansa na cikin taron. A nan Smiley ya hango matarsa Ann a lambu a hannun Haydon. A nan kuma Prideaux da Haydon suka haɗa ido daga nesa, kallon da ya maye gurbin doguwar wasiƙar da Haydon ya rubuta a Oxford yana yabon Prideaux ga malaminsa.

Sai ganawar Delhi ta 1955, inda Smiley ya zauna da Karla a kurkuku yana lallashinsa ya tsallako, Karla bai ce uffan ba, ya tashi da abin kunna sigarin da Ann ta ba mijinta. BBC ta nuna wurin, Patrick Stewart ya fito a Karla. Fim ɗin ya ƙi nuna fuskarsa, ya sa Oldman, da ɗan maye a kansa, yana yi wa kujerar da babu kowa magana. Fuskar Ann ma ba a nuna ta sosai ba. Mutum biyun da suka mallaki zuciyar Smiley sun zama inuwa. A nan, ni dai, fim ɗin ya kamo littafin har ya ɗan gota shi.

Babbar asarar: Bill Haydon

A littafin kowane ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi yana da tarihi da dalilin da zai sa ya ci amana. Alleline ɗan limamin coci ne daga Sikotlan, mai kwaɗayin girma, mai son Amurkawa. Bland ɗan leburan tashar jirgin ruwa ne da ya taso cikin aƙidar gurguzu, yana ganin manya sun ci bashinsa. Esterhase ɗan Hangari ne da Smiley ya tsinta a Biyana yana ɗalibi cikin yunwa, kullum yana neman a karɓe shi a matsayin ɗan gida. A fim, Bland da ƙyar ya yi magana, Alleline masifa kawai yake yi. Hotuna ne manne a jikin 'ya'yan dara na Turawa a ɗakin Control. Da aka ga Colin Firth, wanda bai daɗe da cin kyautar Oscar ba, a matsayin Haydon, mai kallo mai wayo ya riga ya canka.

Amma canka sunan ba shi ne abin ba, ko a littafin. Haydon na takarda shi ne ɗan gaban goshin gidan: mai zane, mai barkwanci, ɗan dangi, ɗan'uwan Ann na nesa, wanda ya yi suna a Gabas ta Tsakiya lokacin yaƙi har ana kwatanta shi da Lawrence na Larabawa. Kowa na son ya ce shi na Bill ne. Lokacin da Smiley ke laɓe a gidan ganawar ya ji muryarsa, abin da ya zo masa shi ne ya daɗe da sani, Control ya sani, Connie Sachs tsohuwar mai bincike ta sani, Prideaux ya sani, kowa ya riƙe rabin sanin ya ƙi furtawa, yana fatan abin zai wuce da kansa. Shaida ma tana nan tun daren harbin: Haydon ya iso ofis ya ce a na'urar labarai ta kulob ɗinsa ya gani, alhali a wannan sa'a na'urar ta riga ta tsaya. Yana gidan Smiley tare da Ann lokacin da aka bugo waya. Karla ne ya umarce shi da neman matar, domin duk ranar da Smiley ya nuna shi da yatsa a ce kishi ne.

Wannan shi ne labarin Philby, kuma tuhuma ce ga ajin mutane guda. Connie ta littafin tana tausaya wa samarinta, tana cewa an horar da su don su mulki daula, suka tashi suka tarar an ɗauke daular. Mai karatu a Kano ko Zariya ya san irinsu, domin daga jami'o'i irin su Oxford da Cambridge ne ake ɗebo samarin da ake turowa su zama Di'o da Razdan kafin 1960. Haydon da aka tsare ya yi wa Smiley dogon bayani mai yawo: ƙiyayyarsa ga Amurka, lalacewar Ingila, da rikicin mashigin Suwes na 1956, wanda ya ce shi ya ƙarasa tabbatar masa ƙasarsa ta zama 'yar kallo. Mutum ne da aka raina don ya juya duniya, da ya ga nasa ɓangaren ba shi da sitiyari sai ya koma inda yake. Smiley bai gamsu da bayanin ba, ya bar wurin yana ganin kowace hujja akwai wata a cikinta. Fim ɗin ya rage duk wannan zuwa jimla biyu ko uku, cewa Yamma ta yi muni kuma dole mutum ya zaɓi ɓangare. Siyasar ta zube, saura kaɗaici da soyayyar da aka ci amanarta.

Ƙarshe iri biyu

Tun a farkon littafin, wata mujiya ta faɗo daga bututun hayaƙi cikin aji. Prideaux ya naɗe ta ya fita da ita, daga baya yara suka tarar da ita a juji, an karya mata wuya tsaf. A ƙarshe aka tsinci Haydon a kan benci a sansanin da ake tsare da shi, wuya a karye. Marubucin bai ce ga wanda ya yi ba, mai karatu ne zai tuna mujiya. Fim ɗin ya ajiye mujiyar, amma Prideaux ya make ta ne a gaban yara, sannan ya harbi Haydon da bindiga daga bayan shinge, jini na gangarowa a kuncin wannan, hawaye a kuncin wancan. Mujiyar ta rasa aikinta.

Yaron ma an juya masa. A fim Prideaux ya daka wa Roach tsawa ya kore shi. A littafin da Roach aka rufe, yana lura da malaminsa yana farfaɗowa a hankali, har ya shawo kan kansa cewa bindigar da ya gani mafarki ce. Smiley na fim ya dawo gida ya tarar Ann ta komo, ya shiga ofis ya zauna a kujerar Control, Julio Iglesias na rera waƙa, kamar an ci yaƙi. Smiley na littafi riƙon ƙwarya aka ba shi na gidan da aka riga aka yashe, ya kuma bi Ann har wata tashar jirgin ƙasa, ya hango ta, ya ga matar wani ce.

Ɓangarorin gardamar, da abin da mai kallo zai yi

Masu kare littafi hujjarsu shirin BBC ne: kashi bakwai, sama da awa biyar, Alec Guinness a matsayin Smiley, ya bi littafin kusan babi-babi kuma ya yi kyau. Ya ma zo a kan gaɓa, domin makonni kaɗan bayan kammala nuna shi, a Nuwambar 1979, Margaret Thatcher ta tabbatar wa majalisa cewa Anthony Blunt, tsohon mai kula da zanen fadar Sarauniya, ɗan rahoton Sobiyet ne. Masu kare fim suna cewa awa biyar a talabijin daban, awa biyu a silima daban, kuma marubucin da kansa ya sa wa aikin albarka, yana cikin masu shirya shi. Fim ɗin ya ci kyautar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi kyau da ta rubutun da aka ɗauko daga littafi, Oldman kuma ya shiga takarar Oscar karo na farko. O'Connor ba ta ga wannan ba, ta rasu a 2010.

Hujjar albarkar marubuci ba ta gamsar da ni sosai ba. Wanda ya sayar da haƙƙin littafinsa ba shi ne alƙalin da ya fi kowa adalci ba, kuma le Carré ɗin nan ne ya yi ƙorafin cewa Guinness ya ƙwace masa Smiley, har ya zama in ya zauna rubutu muryar ɗan wasan yake ji. Illar da ta fi shafar mai kallo ita ce wannan: wanda fim kawai ya gani zai ɗauka labarin wasa ƙwaƙwalwa ne na gano ɓarawo cikin mutum huɗu, ya tashi bai san an yi masa bayanin yadda hukuma sukutum ke kare maci amanarta saboda ɗan gida ne ba. Wanda kuma ya shiga silima da littafi a hannu yana duba abin da aka tsallake, ƙudan zuman zai wuce shi.

Mai lokaci ya fara da littafin, ya bi da shirin BBC, ya ƙare da fim. Wanda fim ɗin kawai zai samu, ya kalle shi sau biyu: na farko ya bi tabaran Smiley don ya rabe da da yanzu, na biyu ya zuba wa Haydon ido tun daga zaman farko a ɗakin taro, ya ga wa yake kallo duk lokacin da aka ambaci Prideaux.